Ranar da Na Kai Mahaifinku Filin Sukuwa

Akwai maganar da ke yawo tsakanin 'yan'uwanku na Ƙofar Atiku, na kuma san ta iso kunnenku tun kuna yara: wai ni Kulu na taɓa fita filin sukuwa na Nasara kallon wasa da aurena, har mahaifina ya hana ni gidansa. Ban taɓa tanka wa kowa ba, don masu maganar ba ƙarya suka yi duka ba. Na je filin. Malam kuma ya hana ni zaurensa. Amma akwai abin da ya kai ni, kuma duk waɗanda suka gani da ido sun rasu, saura ni. Jikata Nana ce ke rubuta mini, tana mayar da bakina irin na littafi kamar yadda take koya wa ɗalibanta. Na ce ta gyara nawa yadda ta ga dama, amma maganar waɗanda suka rasu ta bar ta yadda suka faɗe ta.

Mahaifinku ba ɗan malamai ba ne. Mutanensu manoma ne, gidansu yana bayan ganuwa, wajen da yanzu ya cika ya batse ake ce masa Unguwar Rogo. A lokacin gonaki ne da 'yan gidaje nan da can. Da damina ya yi gero da dawa, da rani ya gangara fadama ya yi lambun albasa. Da yamma yakan shigo gari ɗaukar karatu wurin Malam, mahaifina, ya zauna can baya don kada ƙafarsa mai laka ta ɓata buzun wani. Malam ya so shi saboda natsuwarsa, ya ba shi ni. Ni ma ban ƙi ba, don na sha leƙensa ta jikin zana. Ba mu daɗe da aure ba aka zo neman masu ɗaukar kaya zuwa yaƙin Jamus na farko, aka ce kowace unguwa ta ba da nata. Mai unguwa ya dubi faɗin kafaɗarsa ya nuna shi. Aka tafi da su wata ƙasa da sai an haye teku, na zauna da uwarsa, Inna Ige, muna jira.

Ya dawo da ƙafarsa, da bargo guda a kafaɗa. Mata suka yi guɗa, Inna Ige ta rungume shi tana cewa Auta, Auta, don shi ne autanta. Bai ce komai ba. Muka ce gajiya ce. Aka kwana, aka yi mako, aka yi wata, bai ce komai ba. Da safe ya je bayan rumbu ya zauna, rana ta kore shi ya matsa, inuwa ta juya ya bi ta. In na ajiye masa buta ya yi alwala ya yi salla, amma leɓensa kawai ke motsi. Abinci kuwa ba ya karɓa daga hannun kowa sai nawa, ban san dalili ba har yau. Wannan duka da sauƙi. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne begila. Barikin soja ba shi da nisa da mu sosai, safe da yamma suna busa, in iska ta juyo wajenmu sai ka ji kamar a bayan danga. Da ya ji ta sai ya zube ƙasa rub da ciki, ya rufe kansa da hannu biyu, jikinsa na rawa har haƙora na haɗuwa. Sai bayan shekaru ya gaya mini cewa a can, in an busa, kowa zai tashi ya ɗauki kayansa, wanda kuma ya kasa tashi a nan ake barinsa. Ya ce ya wuce mutanen da ya sani suna kiran sunansa, da kaya a kansa, ba halin ya waiwaya.

Kada ku ce Malam bai yi ƙoƙari ba. Da kansa yake fitowa bayan ganuwa, ya zauna kusa da shi ya yi masa tofi, ya aiko da rubutu, ya sa ɗalibai suka yi sauka. Har shekara ta kewayo. Lambun fadama ya zama na wani, ni ina kaɗi, Inna Ige tana daddawa, da haka muke ci. Ran nan Malam ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure shi kaɗai, ya rufe littafi.

"Zamna, Kulu," ya ce. "Na yi abin da ni iya, sauran na Allah na. Shari'a ta ba ki hanyar rabuwa, kuma ba wanda za shi ce kin yi butulci. In kina so, gobe in tahi wurin alƙali da kaina."

"Malam, ba shi cin abinci sai daga hannuna."

"Uwatai tana da hannu."

"Ta gwada. Ba shi karɓa."

Ya dubi hannuwana. Sannan ya ce, "Dubi wuyan hannunki. Ni na ba da ke, Kulu. In kin lalace can, ni za a tambaya."

Na ce a ƙara mini lokaci. Na tashi na koma.

Inna Ige gajeriya ce, mai kaifin baki, gwiwoyinta sun kumbura har ko bakin rijiya ba ta iya zuwa. Ba ta yi karatu ba, amma ban ga abin da ke wuce idonta ba. Bayan kaka, an gama sussuka, mai shela ya bi unguwanni yana cewa za a yi wasan shekara a filin sukuwa, an buɗe wa kowa, talaka da basarake, har lambun da ke gefensa za a bar mutane su shiga. Ni ban ma saurara ba. Ina tankaɗe ta kira ni.

"Ke ɗiyar malamai, aje rariyar nan ki ji. Muna da wani jaki da, in ya ga kututture bakin rahi sai shi tsaya shina rawar jiki. Duka ba ta raba shi da tsoro ba. Sai da anka ja shi sannu har yash shinshina abin. Auta ba shi ganin abin da ka kuka, ji kawai shika yi. Ki kai shi hilin ga, shi ga mai busa abin nan mutum na, da kumatu awa na kowa."

"Inna, in ya hwaɗi gaban jama'a fa?"

"Nan gaban wa shika hwaɗuwa? Ni da ke da kaji. Mi munka ƙare shi da shi?"

Na ce to a samu namiji ya kai shi. Ta ce wane namiji zai bi, shi da ko liman ya kama hannunsa sai ya fizge? Gaskiya ta faɗa. Ba wanda yake bi sai ni.

Da na so, da na lulluɓe na tafi ba wanda ya sani. Amma mijina ba shi da bakin da zai ba ni izini, ni kuma ba a yi mini tarbiyyar fita a sace ba. Na koma Ƙofar Atiku na gaya wa Malam. Ban taɓa ganin fuskarsa ta canja haka ba. Ku ba ku sani ba, ranar da Nasara suka shigo garin nan, yayansa, wanda ya rene shi ya koya masa baƙi, a wannan gefen ya faɗi, ba nisa da inda aka share filin. Tun ranar Malam bai sake bi ta wajen ba, ko jana'iza ce sai ya yi zagaye.

"Ƙasar nan ta sha jinin yayana," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Yanzu an share ta ana kiɗi ana tsalle-tsalle bisa. Su sunka ɗauke mijinki lahiya lau, sunka maido maki shi haka. Kuma wurinsu za ki neman magani? Ɗiyata, da aurenta, tsakiyar soja da makaɗa?"

"Malam, ba kallo za ni ba."

"Wa za shi tsaya tambayarki abin da yak kai ki? Na hwaɗa maki, Kulu. In kin taka hilin ga, kada ki taka zaurena."

Mahaifiyata ta biyo ni har ƙofa tana kuka, tana cewa in bari, Malam ba ya magana biyu. Na san haka. Na koma gida da niyyar bari, na kuwa gaya wa Inna Ige na bari. Ta ci gaba da murza daddawarta. Ana gobe wasa, da safe, ina dama kunu, mahaifinku yana zaune kusa da murhu saboda sanyi, sai begila ta tashi. Ya zube, hannunsa ya faɗa kan garwashi. Ina jin ƙaurin fatarsa, amma bai janye ba, bai yi ko uhm ba. Ni na ja hannun. Ina shafa masa man shanu ina kallon fuskarsa, na ga in na bar shi haka, wata rana ina rijiya ko ina bayan gida zan dawo in tarar da abin da ba zan iya gyarawa ba. A nan na yanke.

Washegari da hantsi na ɗaure masa hannun da tsumma mai tsabta, na sa masa rigarsa ta aure. Inna Ige ta ba ni baƙin zanenta na lulluɓa. Na ce masa, "Tashi mu tahi." Ya tashi. Ya kama bakin lulluɓina kamar yaro, muka fita.

Ni da ban san ko'ina ba sai gidan ubana da gidan mijina, ban taɓa tsammanin akwai wuri irin wannan a Sakkwato ba. Fili ne shimfiɗaɗɗe, iya ganinka, ba kunyar noma ba kara, an kewaye shi da fararen turaku. Na tuna abin da ya fara zo mini shi ne, wannan ƙasa duka ba a shuka komai a cikinta? Can gefe an yi doguwar rumfa, Turawa na zaune da matansu da manyan huluna. Sauran wuri kuwa mutanen gari ne maƙil, har da na ƙauye da jakunansu. Nan 'yan makarantar boko ne ba takalmi suna bin tamaula, suna tuntuɓe da juna. Can an yi da'ira ana kokawa, kiɗa na tashi. Gaba kaɗan samari na langa. An kafa wani dogon itace an shafe shi da mai, an rataye cinyar rago a ƙololuwa, ƙarti na hawa suna sulɓowa, jama'a na ihu. Ga masu tsire, ga masu rake, ga 'yan mata da ƙoren fura. Ba zan ɓoye muku ba, abin ya ba ni sha'awa. Da na ga manyan mutane da gemu an zura su cikin buhu suna tsalle wai tsere suke yi, dariya ta kuɓuce mini cikin lulluɓi, na daɗe rabona da ita. Na waiwaya in ga ko shi ma ya gani. Idonsa na ƙasa, hannunsa ya damƙe zanena har ya jiƙe da gumi.

Na ja shi sannu har kusa da inda makaɗan soja suke tsaye. Na nemi mai begilar da ido, na gan shi. Wani siririn saurayi ne, wuyansa kamar na zabo, yana tsotson rake. Na ce wa mahaifinku, "Duba, ga shi can. Wancan na. Dubi, rake ma shika sha." Bai ɗaga kai ba. Kafin in sake magana wani ya ɗaga tuta, saurayin ya tofar da rake ya kafa begila a baki.

Kusa da ita ba kamar daga gida ba ne. Mahaifinku ya zube a tsakiyar mutane, ya tura fuskarsa cikin ƙasa, ƙafafunsa na shure-shure. Nan da nan aka kewaye mu. Yara na dariya. Wani ya ce farfaɗiya ce, a matsa kada a ɗauka. Wata ta ce iskoki ne. Sai na ji muryar namiji a bayana yana cewa, "Kai, wagga ba ɗiyar Malam ta ba, na Ƙohwar Atiku?" Na san kafin rana ta faɗi magana ta kai. Na zauna a ƙasa kusa da shi, na cire lulluɓin na rufe masa kai, na bar fuskata a buɗe kowa ya gani. A zuciyata na ce Malam ya yi gaskiya, na rasa zauren ubana, kuma na tozarta mijina a banza.

Ina cikin haka wani mutum ya ratso jama'a. Baƙi ne, kakkaura, da laka har gwiwa, hannun rigarsa na hagu a ƙulle, babu komai a ciki. Bai tambaye ni komai ba. Ya daka wa yaran tsawa suka watse, ya tsuguna daidai kan mahaifinku, bai taɓa shi ba. Ya yi magana a hankali, kamar mai lallashin jinjiri.

"Ba tashi na ba, ɗan'uwa. Babu kaya yau. Kowa ya aje nashi. An iso."

Ya sake faɗa, ya sake faɗa. "An iso. Ba wanda anka bari baya yau. Wanga busa na tseren jakkai na, wallahi. Ɗaga kai ka gani."

Shure-shuren ya ragu. Can na ga lulluɓin ya motsa. Mahaifinku ya ɗago, ƙasa duk ta cika masa gemu, ya dubi mutumin, ya dubi hannun rigar da ke ƙulle. Sannan ya bi yatsansa da kallo. Saurayin nan na tsaye yana kakkaɓe yawu daga begilarsa, ya tsorata da abin da ya jawo, har ya ɗan rusuna mana. Bayansa kuwa jakuna ne aka saki, masu su na ta duka, ɗaya ya juya ya nufi wajen masu rake da mahayinsa a wuya.

"Sunana Labbo," in ji mutumin, ya juyo gare ni. "Nima can nid dawo. Taso da shi, uwar ɗaki, mu bar masu hayaniyarsu."

Ya bi da mu ta wata 'yar ƙofa a jikin shinge, muka shiga lambun. Kamar an rufe ƙofar ɗaki a kan surutu. Inuwa ce ko'ina, mangwaro da lemun tsami da gwanda, ga dabino, ga wasu furanni da Labbo ya ce ba a ci, don kallo kawai aka shuka su. Ruwa na gudu a 'yan hanyoyi tsakanin fangali, ana jin kukan jigon ban ruwa daga ƙasa. An ajiye kujeru na katako ƙarƙashin itatuwa, wasu tsofaffi daga gari sun ƙi hawa, sun zauna a ƙasa sun jingina da su. Labbo ya ɗebo ruwa, na wanke wa mahaifinku fuska. Shi kuwa Labbo bakinsa bai tsaya ba. Ya ce shi da ya dawo cikin rumbu yake kwana, matarsa ta tafi, sai da wani ɗan'uwansa ya jawo shi nan ban ruwa. Ya ce akwai irinsu a cikin masu lambun, kowa da abin da ya dawo da shi, ba mai yi wa wani dariya. Ya ce begila har yanzu tana tsinka masa ciki, amma da yake kullum yana ganin yaron nan yana zuwa roƙon gwanda, abin ya rage.

Ina sauraronsa ban lura ba mahaifinku ya saki zanena. Na juya na gan shi tsugune bakin wani fangali na dashen albasa. Ya daɗe yana kallo. Ya miƙa hannunsa mai lafiya ya tura yatsa cikin laka, ya taɓa wannan, ya taɓa wancan. Sai na ji wata murya a shaƙe, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba.

"Kulu."

Na ji tsoron in na yi motsi abin zai koma.

"Kulu, albasar ga ta yi cunkoso. Ba ta yin kai haka."

Na zauna a bakin ruwan na toshe bakina da hannu. Labbo ya yi kamar bai ga komai ba. Ya ce, "To raba su mana, ɗan'uwa. Ni hannu guda gare ni, kana gani."

Ya raba su. Tun azahar yana tsugune yana cirewa yana dasawa, bai ƙara cewa komai ba, ni ma ban nema ba. Muka yi salla a nan ƙarƙashin mangwaro. Wajen la'asar sakaliya aka busa ta tashi daga wasa. Na zabura zan rufe shi. Jikinsa ya ɗauki rawa, ya nutsa yatsunsa cikin laka har wuyan hannu, ya runtse ido. Labbo na gefe yana cewa an iso, an iso. Amma bai faɗi ba. Yana tsugune har aka gama.

Mun tarar da Inna Ige ta jawo jiki har ƙofar gida tana zaune a kan turmi. Tun daga nesa na ce mata, "Inna, ya yi magana."

"Mi yac ce?"

"Ya ce albasa ta yi cunkoso."

Ta yi dariya har ta koma kuka, ta kama kansa tana bugun ƙeyarsa. "Ɗan banza! Shekara guda ina jiran ka ce Inna, ashe albasa ta hi ni."

Kada ku ɗauka ya warke ran nan. Washegari ya koma bayan rumbu kamar ba a yi ba. Sai da na sake ce masa tashi mu tafi. Haka na riƙa kai shi ƙofar lambun da safe, Labbo ya karɓe shi, in koma in ɗauko shi da yamma, ina bi ta gefen filin nan kowa na ganina. Akwai ranakun da ya faɗi, akwai ranakun da ya ƙi fita. Magana ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan, yau ya ce ruwa, gobe ya ce sannu, wata rana ya kira uwarsa. Kafin ruwan farko ya sauka yana tafiya shi kaɗai, an kuma ɗauke shi aiki. A nan ya ƙare rayuwarsa ta aiki, har ya zama babban masu lambun. Manyan itatuwan da kuka sha inuwarsu in ya kai ku kallon tamaula, da yawansu shi ya dasa.

Malam kuwa ya cika maganarsa. Aka yi bikin ƙanwata, ina jin guɗa a bakin mutane, ban je ba. Salla ta zo, mata na wucewa gaida iyayensu, ni ina tsakar gida ina sharar da ba ta buƙatar yi. Mahaifiyata takan aiko da ɗan yaji ko kuka a ɓoye, ba ta iya zuwa. Da na haifi babbanku, na sa ido a ƙofa tun asuba ranar suna, Malam bai zo ba, liman ne ya raɗa. Wannan ya yi mini ciwo fiye da yadda zan iya gaya muku. Amma ban yarda ɗayanku ya riƙe shi da shi ba. Shi ma ya sha nasa. Abokan hamayyarsa sun yi ta yi masa habaici a majalisa, wai mai hana mutane zuwa filin Nasara ga ɗiyarsa can kullum. Kuma yayansa da gaske ya mutu a wurin. Ni ina ganin ƙasar da ta dawo mini da mijina, shi yana ganin wadda ta cinye masa ɗan'uwa, kuma ƙasa guda ce.

Babbanku ya fara tafiya lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni, mai tsanani, har aka fara aika wa dangi. Wata yamma ina kwance na ji sallama a zaurenmu, muryar da ko cikin barci na san ta. Mahaifinku ya fita da gudu. Na ji yana shimfiɗa tabarma, yana kawo ruwa. Sai kuma na ji ya fara. Murna ta sa kunyar suruki ta tsere masa. Ya ba Malam labarin yadda ake binne ƙwallon mangwaro, da yadda gara ke cin saiwar lemo, da Labbo da ya sake aure, da wani ɗan kokawa daga ƙauye da ya kayar da na gari, har yana tashi yana nuna yadda aka yi. In Malam ya ce "to", yana shirin miƙewa, sai ya ɗauko wani. Inna Ige na gefena tana cewa, "Ji ɗan nema, za shi kashe bawan Allah da surutu." Har aka kusa kiran magariba.

Da ƙyar Malam ya samu ya shigo. Ya tsufa fiye da yadda na bar shi. Ya zauna bakin gadon, ya ɗora hannu a goshina ya yi addu'a mai tsawo, babbanku na riƙe da gefen rigarsa yana kallonsa. Da ya shafa sai ya nuna zaure da haɓa.

"Kulu, wancan shi na wanda munka yi shekara muna roƙon Allah Shi buɗe bakinai?"

"Shi na, Malam."

"To a hwaɗa mai addu'a ta karɓu. Shi sassauta hakanan."

Na yi dariya, ƙirjina na ciwo, hawaye na gangarowa cikin kunnena. Ya ɗauki babbanku ya duba fuskarsa da kyau, ya sauke shi, ya miƙe ya gyara rawaninsa. Sai da ya kai bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba.

"In kin samu sauƙi, uwarki tana nemanki," ya ce. "Ki taho da yaron. Ina zaure."